Inna, Ruwan Ya Wuce Gwiwa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, a makwancinki da ke bayan garinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da durƙuso har ƙasa duk da cewa gwiwar ta fara yi mini gardama, ina fatan Allah Ya yalwata miki kabarinki, Ya sanyaya shi. Mu nan garin Lafia kowa ƙalau. Surukarki Asabe tana gaishe ki. Damina ta yi kyau bana, doyar gonar Adogi ta yi, riɗi ne kawai ya ɗan ba mu kunya.

Kin bar duniya ban iya rubuta ko sunana ba, don haka na san za ki yi mamakin wannan wasiƙa. Bayan rasuwarki na shiga ajin yamma na manya. In na rufe rumfar doya sai in je in zauna a bencin yara, gwiwata tana dukan tebur, har na koyi abin da na koya. Yanzu da yatsa ɗaya nake danna waya. Mutanen da suke bibiyata a nan don su ji yadda kasuwar doya take za su karanta wannan, kuma ban damu ba. Su karanta. Maganar da ke ce.

Zan fara da albishir, don shi ya fi girma. An yi miki takwara, Inna.

Kin san Allah bai ba ni 'ya mace ba. Maza uku na haifa, ƙananan biyun su ma suka yi ta haifo maza, har Asabe ta ce gidanmu ya zama bariki. Sunanki yana ajiye a bakina duk shekarun nan, babu wadda zan ɗora wa. Nasiru, jikanki na fari, shi ya tsaya karatu bai yi aure da wuri ba. Yana aiki a wata ƙasa mai sanyi, can ya haɗu da matarsa Zuhura, 'yar Tanzaniya, yarinya mai ladabi da salla. Farkon daminar da ta wuce ta haihu. Mace. Nasiru ya kira ni ya ce, "Baba, Inna ta dawo."

A tsakiyar kasuwa kiran ya same ni. Na yi rawa, Inna. Ni da furfurata, a gaban masu lodin doya, na yi irin rawar da kike hana ni. Na raba goro har ga mutumin da muka shekara ba ma gaisawa. Ranar suna na yanka rago a ƙofar gida, aka cika unguwa, wanzami ya zo da askarsa ya zauna, sai a lokacin muka tuna babu kan da zai aske. Aka ba shi namansa ya tafi yana dariya.

To daga nan ɓacin rai ya fara. Har yau ban ɗauke ta ba. A waya nake ganinta, ƙarama kamar tafin hannu, in na kai yatsa sai gilashi. Na nemi bizar ƙasar da suke, aka hana ni, ba a ce ga laifina ba. Na ce to su kawo ta gida. Nasiru ya ce hutunsa gajere ne, ga mahaifiyar Zuhura tana kwance ba ta iya tafiya, ita ma ba ta ga jaririyar ba, can za su fara kai ta. Ban yi musu ba. Haihuwar fari ce, uwar mace ta fi ni haƙƙi, ke kika koya mini haka. Ya ce Lafia sai baɗi in Allah Ya kai mu. Yara suna faɗin baɗi kamar a aljihunsu take. Ni kuwa likita ya fara ɓata fuska in ya auna jinina, kuma cikin waɗanda muka zauna a bencin ajin yamma, da yawa na raka su maƙabarta.

Sai Nasiru ya kawo shawara. Iyayen Zuhura a wani ɗan tsibiri suke, can gefen teku, nesa da gari. Mahaifinta, Malam Hamisi, masassaƙin jiragen katako ne, yana kuma da 'yan ɗakuna a bakin ruwa da yake saukar da baƙi. Ya ce mu haɗu duka a can, ni da Asabe mu taso daga nan, su daga can, a yi hutu tare. Hutu, in ji shi. Ya ce na yi shekaru ina wahala, lokaci ya yi da zan kwanta a kan yashi in sha iska.

Ya turo hotuna. Ba zan yi ƙarya ba, wurin yana da kyau. Yashin fari tas kamar garin alabo, itatuwan kwakwa sun sunkuyo, ruwan kuma launinsa ban san sunansa ba, tsakanin kore da shuɗi. Amma na duba hoto bayan hoto ban ga mutum ba. Na tambaye shi ina jama'ar garin. Ya ce ai daɗin wurin ke nan, babu kowa. Inna, a zamaninki in an ce mutum ya tafi inda babu kowa, ai korarsa aka yi. Mu in za mu huta, gidan 'yan'uwa muke zuwa, a gaisa, a ci tuwo, a ji wa ya mutu wa ya haihu. Su yaran nan sai sun haye jirgi biyu su nemo inda ba mai ce musu sannu.

Na ce zan tafi da doya, manya guda, irin waɗanda ake kai wa suruki. Ya ce ba a shiga jirgi da ita. Na ce man ja da daddawa fa. Ya ce a bari. Na ce to in je gidan surukai karon farko hannu yana dukan cinya? Ya ce zuwana ya isa. Asabe kuwa ko a jikinta. Ta ɗinka kaya kala uku, ta sayo baƙin tabarau da wata malafa mai faɗin faifai, tana sawa tana zagaya tsakar gida. In na yi tsaki sai ta ce, "Malam, in ba za ka ba ka faɗa da wuri, in nemi ɗan rakiya."

Duk wannan ƙananan abubuwa ne, da na haɗiye su. Babban yana cikin hoto na ƙarshe. Jirgin katako ne mai tanti, a kan ruwa, Nasiru ya rubuta a ƙasa cewa da shi za mu ƙarasa. Babu gada zuwa tsibirin. Babu filin jirgin sama. Na ajiye wayar, na kasa cin abinci.

Kin san dalili, amma masu karantawa ba su sani ba, bari in faɗa.

Ina yaro, ban kai fara riƙe garma ba, yayana Sale ya shiga kwalekwale zai haye kogin da ke tsakanin garinmu da hanyar kasuwa. Tsakiyar damina ce. Kwalekwalen ya kife. An samu kowa ban da shi, sai kashegari aka tsince shi a cikin ciyawa can ƙasa. Mu biyu kaɗai kika haifa. Bayan an binne shi ba ki yi kuka a gabana ba. Kika kira ni madafa, kika shafo baƙin tukunya da yatsa, kika ja layi a kan gwiwata. Da harshenmu na Gwandara kika yi maganar, na mayar da ita Hausa ne don jama'a: "Ba kwalekwale, ba iyo. Ruwa iyakarsa nan. Na ba kogi ɗaya, ba zan ba shi biyu ba." Kika ce in ce na ji. Na ce na ji.

Baƙin tukunyar ya goge kafin magariba, amma ni har yau ina ganin layin.

Na riƙe, Inna. Ke shaida ce a kan rabi, sauran rabin kuma Allah ne shaida. Sa'o'ina suna tsalle cikin rafi, ni ina tsaron rigunansu. Da na girma na yanki sanda, na auna ta da gwiwata, na yi mata tsaga. Duk ruwan da zan shiga sai sandar ta riga ni. Sau nawa rafi ya cika ina gona, na zauna a bukka har ya sauka, abokai suna hayewa suna ce mini mai tsoron jiƙa. Na taɓa barin ciniki mai kyau a hayin kogi saboda sai da kwalekwale ake zuwa. Na yi wa kaina hukunci: gada ba ruwa ba ce, don haka nakan haye ta Makurdi, ido rufe, baki yana salati. Jirgin sama ma ba ruwa ba ne, da shi na je Makka. Amma katakon da yake zaune a kan ruwa, ƙafata ba ta taɓa taka shi ba. 'Ya'yana sun tashi sun ga sandar, suka mayar da ita abin wasa. Nasiru ya zaci maganar ta bi ki kabari.

Ban faɗa masa komai ba. Na koma ina duba hotunan ɗaya ɗaya, ina neman mafita, sai na samu. Akwai wani hoto da ruwan ya janye can nesa, yashi ya shimfiɗu har iyakar gani, jiragen katako suna kwance a gefensu a kan tudu, wasu mata suna tafiya da ƙafa suna tsintar wani abu, ruwan ko idon sawunsu bai rufe ba. Na ce alhamdu lillahi, wannan hoton rani ne. Ai haka kogin garinmu yake. Da damina ya ci mutum, da rani yara su yi ƙwallo a cikinsa. Ashe abin mai sauƙi ne: a bari sai rani ya yi tsakiya, teku ya ja baya, in naɗe wando in taka da ƙafata.

Da a tsakiyar damina aka shirya tafiyar. Na kira Nasiru na ce a ɗaga zuwa rani. Ya tambayi dalili, na ce aikin gona, ba zan bar doya a ƙasa ba. Na ji kunyar faɗin gaskiya, mutum da jikoki ya ce uwarsa ta hana shi. Yaron nan ya sha wahala kafin wurin aikinsa su yarda, ya canja tikiti, ya ba surukansa haƙuri. Ni kuma ina nan ina jin daɗin wayona, ina kallon sama ina ƙirga saura nawa ruwa ya ɗauke. Ina ma yi wa Asabe dariya a raina, na ce za ta sha mamaki ranar da za mu taka teku da silifa.

Cikin watannin nan da na ƙara da bakina, takwararki ta koyi zama. Ta fara rarrafe. Haƙori ya fito. Jaririyar da zan riƙe a tafin hannu biyu ta wuce, ba za ta dawo ba, kuma ni na jawo.

Satin da ya wuce aka haɗa ni da Malam Hamisi a waya mai hoto, Zuhura tana yi mana tafinta. Dattijo ne gajere, baƙi, mai fara'a, hannunsa duk kanta kamar nawa. Muka yi sallama, wannan ba ta buƙaci tafinta ba. Bayan an tambayi iyali na ce masa, yanzu da rani ya shigo, ruwan ya sauka sosai ko? Zuhura ta fassara. Ya sa ta maimaita. Sai ya ce teku bai san rani ba. Ya ce kullum ta Allah ruwan yana janyewa yana dawowa, safe da yamma, wata yake bi, ba damina ba. Hoton da na gani, bayan 'yan sa'o'i wurin ya koma ruwa. Kuma ko ya janye, bakin tsibirin ne kawai yake buɗewa, tsakiyar nan mai zurfi tana nan tun da aka halicci duniya.

Bai yi mini dariya ba, Allah Ya saka masa. Nasiru ne na ji yana tari a bayan waya.

Na daure na ce to jirgin yana kai mutum har tudu? Ya ce a'a, akwai duwatsu, jirgin yakan tsaya daga baya, mutane su sauka su ƙarasa da ƙafa. Na ce ruwan yana kaiwa ina? Ya miƙe tsaye ya dafa ƙugunsa. Na ce ya tsaya jikin ƙofa in ga tsawonsa. Ya tsaya, bai tambayi dalili ba. Bayan mun gama na je ƙofar ɗakina na gwada da sanda. Na fi shi tsawo, amma duk yadda na yi lissafin, ruwan ya wuce tsagar da fiye da taƙi ɗaya.

Ran nan na yi faɗa da kowa. Na ce wa Nasiru ka yi karatu har ƙasar waje, ba ka iya gaya wa ubanka cewa teku ba ya ƙafewa ba? Ya ce ai ban tambaya ba, doya na ce. Da gaskiyarsa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Dole na fito masa da maganar layin gwiwa. Sai ya ce akwai rigar roba da ke hana nutsewa, kuma in ruwan ne ba na so, samarin wurin za su goya ni har tudu. A goya ni, Inna. Da gemuna, da babbar rigata, a bayan wani yaro, surukai suna tsaye suna kallo. Na kashe wayar. Da ya sake kira ya ce ba za a iya ƙara ɗagawa ba, yana son amsata kafin Juma'a, in ba zan je ba a san yadda za a yi da Asabe.

Na je wurin limamin unguwarmu. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce wannan ba rantsuwa ba ce, tsoron uwa ne a kan ƙaramin yaro, babu kaffara a kaina, sada zumunci kuma ya fi. Na yi godiya na fito. Maganarsa daidai ce, na sani. Amma ba shi ya ga fuskarki a madafa ba. Ba shi ya ce na ji ba. Da kina raye da abin bai kai haka ba, zan zo in durƙusa in ce Inna ki sake ni, ki yi faɗanki, ki ce in je. Wanda ya ɗaure ka ya tafi da bakinsa, wa zai kwance ka?

Shekaranjiya Asabe ta ce mu je Doma, wurin madatsar ruwa, ko in gwada a ƙaramin ruwa tukuna. Na bi ta don in huta da mita. Muka sami wani masunci ya jawo kwalekwalensa har bakin tudu, ya riƙe shi da hannu biyu. Na cire takalmi. Na ɗora ƙafar dama a kan katakon. Ya ɗan motsa, motsi kaɗan, irin wanda ko kaza ba za ta tsorata ba. Sai na ga Sale kwance a kan tabarma da ciyawa a gashinsa. Na janye ƙafata. Na koma gindin wata bishiya na zauna, na ce wa Asabe ta je ita kaɗai, ta ɗauko mini hoto, ni da takwararki sai a lahira in ba rabo.

Ta sallami masuncin. Ta zo ta zauna kusa da ni, ta cire tabarau ɗin nan. Sannan ta ce akwai maganar da kika ba ta amana, ta riƙe tun tana amarya, amma yau za ta saki, in ya so ku yi shari'a a can.

Ta tuna mini haihuwar Nasiru. A tsakiyar damina aka haife shi, ina can Kano na raka lodin doya. Na dawo na same ki a gidan, kina hura wutar ruwan wanka. Na tambaye ki yadda kika zo alhali kogi ya cika, kika ce ta doguwar hanya kika zagayo, wata motar itace ta rage miki hanya. Na yarda, don ban taɓa jin kin faɗi abin da ba haka ba.

Asabe ta ce ba mota. Ta ce kin shigo mata ɗaki zanenki yana ɗiga, jiƙe har wuya, haƙoranki suna kaɗawa. Da saƙon haihuwa ya iske ki, ba ki iya jira ba. Kwalekwale dai kin ce har abada, sai kika bi gaɓa zuwa inda Fulani suke ƙetarar da shanu, wani makiyayi ya miƙo miki sanda kika riƙe, ya ja ki. Kogin nan dai, Inna. Wanda ya ci Sale. Ƙwarya a kanki, da yaji da daddawa da saƙin goyon da kika goya mu da shi, ko ɗigo bai taɓa su ba. Ba ki zauna ba, ba ki canja zane ba, kika ce a miƙo miki jaririn. Asabe ta ce ta yi miki faɗa, ta ce Inna ke da kika hana, sai kika ce: "Na hana ne don kada in rasa ɗa. Ban ce ruwa zai raba ni da jika ba. Kada ki gaya masa, in ya ji zai fara shiga."

Na yi fushi da ke, Inna. Ki yafe mini, amma na yi. A gindin bishiyar nan na zauna ina huci kamar yaro. Shekara da shekaru ina auna kududdufi da sanda, ana yi mini dariya, ashe ke kin shiga har wuya kin fito kin ce motar itace. Na yi fushi da Asabe da ta iya riƙe magana haka, ita da ba ta iya riƙe farashin atamfa. Na ce da ta faɗa tun farkon damina, da yanzu na san nauyin yarinyar nan a hannuna. Ta ce ita ma ta zaci doya ce.

A mota muna dawowa fushin ya fara sauka, wani abu ya maye gurbinsa. Na yi ta ganinki a tsakiyar kogin. Ke da ko wanki ba kya zuwa yi a bakinsa, sai dai a ɗebo miki. Ke da in an ambaci sunansa kike tashi daga wurin. Ƙaramar mace, ba ki kai kafaɗata ba. Me kika ji da ruwan ya kai ƙirjinki? Wa kika kira? Na tabbata kin ga Sale, kamar yadda na gan shi a Doma. Ni na janye ƙafata. Ke kika ci gaba da tafiya.

Duk rayuwata na ɗauka tsoronki kika ba ni in riƙe. Na riƙe shi da kyau, har na fi ki iya riƙewa. Ban san akwai sauran abin da kika ɓoye a ƙasan ƙwarya ba.

Jiya na sa Asabe ta buɗe tsohuwar adaka. Saƙin yana nan. Ya koɗe, bakinsa ɗaya ya zare, amma da ƙarfinsa. Na shinshina, babu ƙanshinki, sai na kafur, duk da haka na daɗe riƙe da shi. Na kira Nasiru na ce wannan fa, shi ma ba a shiga jirgi da shi? Ya ce ana shiga. Na ce to ka gaya wa Malam Hamisi ya duba jirginsa da kyau, ya toshe duk inda ke yoyo. Rigar robar zan sa. Amma duk wanda ya matso da niyyar goya ni, sandar nan ce za ta gaishe shi.

Ba wai tsoron ya tafi ba. Yana nan, har yanzu da nake rubutun nan. Har yanzu ban ga hikimar hutu a inda babu kowa ba, kuma har yanzu ina jin zafin doyar da aka hana ni kaiwa. Watannin da na zubar ma ba mai mayar mini. Asabe ta ce in na isa kada in buɗe baki da ƙorafi, na ce ban yi wannan alkawarin ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, ba na son in yi miki yadda kika yi mini. Ba zan ce motar itace ba. Ina gaya miki tun kafin in tafi: zan shiga jirgin katako, zan sauka cikin ruwan da ya wuce layin da kika ja. Na ce na ji, kuma na ji har na tsufa. Yanzu ina roƙon ki sake ni. In maganarki tana nan daram, to laifin a kaina, ki yafe. Amma ina zaton da kina kusa, da ke za ki riga ni sauka.

Saƙin zan naɗe in ɗora a kaina, in dafe da hannu ɗaya, ɗayan hannun da sanda. Ba zan auna komai da ita ba, dogarawa kawai zan yi. In na taka tudu ba zan zauna ba, ba zan canja wando ba. Zan ce a miƙo mini ke.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Ya gafarta miki, Ya sa kogin nan da kika haye ya zama nauyi a mizaninki. Allah Ya jiƙan Sale, Ya haɗa ku a inuwa ɗaya. Ya ba mahaifiyar Zuhura lafiya. Ya raya takwararki, Ya ba ta zuciyarki, Ya rage mata taurin kaina. Mu kuma da za mu hau ruwa, Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, in kuma kwana ya ƙare, Ya sa sai bayan na ɗauke ta. Amin.

Ni ne ɗanki da kogi bai samu ba,
Ɗanladi, baban Nasiru,
daga Lafia.